Kwalin Ɗora Kek Biyar Na Je Saya, Wulaƙanci Na Sayo

Jiya da yamma na dawo gida hannu rabbana, zuciyata kamar ta tsage, kuma a kan kwali. Kwali fa, jama'a. Wanda ake ɗora kek a kai, a gama ci a wurga shi kwandon shara da ragowar kirim a jikinsa.

Wata 7 ke nan da na fito fili na ce na fara sana'ar kek, bayan shekara 4 ina gasa wa 'yan'uwa da maƙwabta kyauta, ana biyana da "Allah ya yi albarka". Ranar Asabar ina da oda mafi girma da na taɓa samu, kek hawa uku, inci 10 a ƙasa, inci 8 a tsakiya, inci 6 a sama, an lulluɓe shi da fondan, kwaɓin sukarin nan da ake shimfiɗa wa kek kamar mayafi. Duk wadda ta taɓa ɗaga irinsa ta san ba abin wasa ba ne. Siririn kwalin nan mai kaurin milimita 2 ko 3 ba zai ɗauke shi ba, tun kafin a kai bakin ƙofa zai lanƙwashe, kek ya tsage daga ƙasa. Sai mai kaurin da muke kira diram, milimita 12, rabin inci ke nan, kuma dole ya fi kek ɗin faɗi, don a sami wurin kamawa da wurin ado. Na yi lissafina tsaf. Diram na inci 14 guda biyu, na inci 12 guda uku, sai in duba ko zan sami mazaunin kek ɗaya, farantin nan mai ƙafa da ake ɗora kek a kai a wurin shagali, mai sauƙin kuɗi. Shi ke nan abin da ya fitar da ni.

Na shiga shagon kayan kek ɗin da sallamata. Yaron shagon na zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kansa a cikin waya. Na sake sallama. Ya amsa da hanci.

Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Akwai diram na inci 14 da na 12?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Katan nawa?"

Na ce, "Guda biyar nake so. Biyu manya, uku ƙanana."

To a nan ne ya ɗago. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a takalmina ya daɗe, kamar a nan aka rubuta yawan jarina. Sannan ya yi wani murmushi, irin na wanda yaro ya zo masa da kwandala yana tayin mota.

"Biyar? Anti, katan muke sayarwa. Hamsin-hamsin."

Na ce masa ai ga katan can a buɗe, ina ganin an zari wasu. Ya ce wannan na kwastomominsu ne. Na ce to ni mece ce? Ya ce, "Na manya nake nufi." Na haɗiye. Wallahi na haɗiye, saboda Asabar na tafe kuma matar da ta yi odar ta riga ta ba ni kafin alƙalami. Na kwantar da murya na ce ya taimaka. Ya ja tsaki, ya miƙe a hankali kamar an ce ya ɗauko dutse, ya shiga ciki, ya fito da guda ɗaya ya jefo kan kanta. Jefowa ya yi, ba ajiyewa ba.

Na ɗauka na juya shi. Gefe ɗaya ya murɗe saboda danshi, takardar azurfar da aka naɗe shi da ita ta ɗaye a baki. Na ciro awon da kullum yake cikin jakata na gwada kaurin. Bai kai milimita 10 ba. Na ɗan danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa.

"Anti! Kar ki ɓata mana kaya in ba saya za ki yi ba."

Na ce, "Malam, abin da yatsana ya lotsa, shi zai ɗauki kek hawa uku?"

Ya ce, "Duk garin nan shi ake saya, ba wadda ta taɓa zuwa da awo sai ke."

Na tambayi kuɗi. Ya faɗa. Sai da na ce ya maimaita, don na zata kunnena ne. Kuɗin guda ɗaya a ɗai-ɗai ya kusa ninka na sari biyu. Na ce a rage, tun da ga shi har da lahani. Ya ce in ina son araha in sayi katan. Na ce da ina da kuɗin katan ai da ba mu tsaya wannan dogon zancen ba. Na nuna wani mazaunin kek na ƙarfe a can sama na ce nawa. Bai ma juya ba. Ya ce, "Wancan ya fi ƙarfinki."

Ina cikin jin zafin wannan sai wata mota ta tsaya a waje. Ku zo ku ga ikon Allah. Mutumin da ƙafarsa ta yi masa nauyi ɗazu, sai ga shi ya zabura kamar an tsikare shi, waya ta faɗa aljihu, haƙora duk a waje. "Ranki ya daɗe! Sannu da zuwa, Hajiya. A kawo wa Hajiya kujera!" Ni da na yi minti ashirin a tsaye ban san akwai kujera a shagon ba. Ta ce a sa mata katan huɗu a mota. A gabana ya rage mata, a gabana ya ce in akwai wanda ya murɗe ta dawo da shi a canza. Ban ga laifinta ba, baiwar Allah har gaishe ni ta yi. Ita ma wata rana da biyar ta fara.

Da ta tafi ya dawo ya tarar ina nan. Ya ce, "Au, ba ki tafi ba?" Sannan ya ba ni shawara kyauta, Allah ya saka masa: "Ki nemi kwalin sabulu ki yanka, ki naɗe da takardar azurfa. Duk masu koyo haka suke yi."

Masu koyo. Na gode, shugaban masana kek na duniya. Na gode da wannan digirin da ka ba ni a tsaye. Na ajiye masa murɗaɗɗen kwalinsa a hankali, na fito, don in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba.

Kuma da zai sani, kwalin da yake faɗa na riga shi gwadawa. Shekara biyu ina yanka kwali da reza, in manna uku, kowane ɗaya layin cikinsa ya gitta na ɗan'uwansa don ya yi ƙarfi. Yakan yi, ba na musu. Amma kwana nake yi a kai, gefen ba ya taɓa fita da'ira sosai, wuƙa na taɓa takardar azurfa ta yage ta shiga cikin yankan kek. Maiƙon bota kuwa ba ya jin kunya, yana samun ƙofa zai jiƙa kwalin ya yi laushi. Ga wata babba, yawancin kwalin kaya daga tsohuwar takarda aka sake sarrafa shi, da ragowar tawadar ɗab'i a ciki, kuma man da ke cikin tawadar yana iya ratsawa zuwa abinci mai maiƙo. Shi ya sa bod na gaskiya, wato kwalin da aka yi musamman don ɗora kek, ake lulluɓe fuskarsa da abin da maiƙo ba ya ratsawa. Kwalin sabulu kuma, sai dai in kwastoma ta yi odar kek mai ƙanshin wanki.

Mazauni ma na yi dabarar da ake nunawa a bidiyo, a kifa kofin tangaran a manna faranti a kai. A hoto kamar na gidan sarki. Ranar da aka sa wuƙa a gefe ɗaya, sai da mutum biyu suka tare shi da hannu.

Wai ki sayi katan. Bari in yi wa masu wannan maganar lissafi. Mai kek ba ta san odar da za ta shigo gobe ba, don haka tana bukatar inci 6, 8, 10, 12 da 14. Kowanne akwai mai da'ira akwai mai kusurwa huɗu. Kowanne akwai siriri akwai mai kauri. Iri 20 ke nan. A hamsin-hamsin, kwali 1,000. Ba a zo maganar akwatin saka kek ba, wanda shi ma dole girmansa ya dace da bod ɗin, in ba haka ba kek ya yi ta yawo a ciki har ya goge adonsa. Ba a zo maganar sandunan da ake cusawa a hawa na ƙasa don su tallafi na sama ba. Wadda ke yin kek uku ko huɗu a mako, shekara nawa za ta yi kafin ta cinye kwali 1,000? A ina za ta ajiye, ƙarƙashin gado? Damina ɗaya ta wuce a kansu duk sun murɗe, jari ya zama abin hura wuta. Mai ƙaramin jari ita ke sayen komai da tsada, mai babban jari a rage mata har a kawo mata kujera. Sannan mu fito kasuwa ɗaya a ce in sayar daidai da ita.

Sai wata ta ce ki yi oda ta intanet mana, can ya fi araha. Na leƙa. Farashin ya yi kyau har sai da na yi hamdala, sannan na ga mafi ƙarancin abin da za su sayar, ɗaruruwa. Na koma kan mazauni ɗaya tak. A nan na koyi cewa kamfanonin aike ba nauyin kaya kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da ya cinye. Su auna tsawo da faɗi da tsayin akwatin a santimita, su ninka, su raba da 5,000, in abin da ya fito ya fi nauyin gaske, shi za ki biya. Mazaunin da bai wuce kilo 2 ba, in aka sa shi a akwati mai 40 da 40 da 30 saboda kar ya fashe, sai ya koma kilo 10 saura kaɗan. Iskar da ke cikin akwati ma sai na biya mata kuɗin jirgi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Ku ma masu sayen kek, ba zan ƙyale ku ba. Mazauni biyu na taɓa mallaka, duk na ba ku aro. Ɗaya na gilashi ya dawo mini a leda, gutsi-gutsi, da "yara ne". Ɗaya an ce gobe za a aiko, yau wata biyar, har na gan shi a hoton wani shagalin da ba ni na yi kek ɗinsa ba. Na ce to daga yanzu sai an ajiye kuɗin jingina, sai aka fara "haba, ba ki yarda da ni ba ne?" In na sa kuɗin bod da akwati a lissafi, a ce, "Kwali ma sai kin sa masa kuɗi?" E, sai na sa. Ba daga sama yake faɗo mini ba. Kuna son kek ya iso a miƙe, ya yi ƙyalli a hoto, a zuba masa so a Instagram, amma abin da ya riƙe shi a tsaye a ce kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe yabo.

Amma babban haushina yana kan masu hawa mumbari su ce mata da matasa su kama sana'a, su daina jiran gwamnati. To mun kama. Ga mu nan mun kama, sai me? A tara mutane a zauren taro, a koya musu kwaɓa fulawa kwana uku, a ba su takardar shaida, a ɗauki hoto, jami'ai su koma ofis su rubuta cewa an samar da ayyukan yi. Ba wanda ya taɓa zama ya tambayi abin da mai kek za ta ɗora kek ɗin a kai ranar da ta sami odarta ta farko. Na duba jikin katan ɗin da yaron nan ya hana ni taɓawa, daga ƙasar Sin aka kawo shi. Kwali uku ko huɗu ne aka manna, aka yanka da'ira, aka naɗe. Sai ya hau jirgin ruwa ya keto teku, ya kwana a tasha, a biya kuɗin fito, dillali ya ci, mai sari ya ci, mai shago ya ci, kuɗin waje ya motsa a ƙara, in ya sauka ba a ragewa. Duk wannan a kaina yake sauka, ni mai guda biyar. Wanda zai kafa ƙaramar masana'anta ya yanka mana a kusa, wa ya ba shi rance mai sauƙi? Wa ya tsaya masa kan lantarki? Masu karɓar haraji kuwa ba sa ɓatan hanya, ranar da ka kafa allon suna, ranar za su yi sallama. Hukumar da ya kamata ta hana a sayar da milimita 10 da sunan 12 tana ina? Sai ni, da awon tela a jaka, kuma a ce na cika fitina.

Mu kanmu masu sana'ar ba mu tsira ba. Sau nawa na ce a zaurenmu na WhatsApp mu haɗa kuɗi mu goma mu sayi katan-katan mu raba? Kowa ta turo hoton babban yatsa. Ranar tura kuɗi, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ka tambayi wadda ta riga ka farawa inda take sari, ta ce wani ɗan'uwan mijinta ne ke aiko mata. Kwali ya zama sirrin gado.

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare. Na zube siraran bod huɗu na inci 14 da na samu a hannun wata da ninkin kuɗi, na manna su, na danne da manyan littattafai da tukunyar ƙarfe, ina jira su bushe in ga ko za su miƙe. Mai mazaunina kuwa na sake kiranta ɗazu har sau uku. Ta farko ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ta biyu aka katse, ta uku aka ce wayar a kashe take.