Kafin ku kai yara Fort Bowie

Duk magidancin da ke Amurka mai son nuna wa 'ya'yansa inda aka gwabza yaƙi tsakanin sojojin Amurka da Apache, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, ra'ayina ya fara da Fort Bowie, wani tsohon barikin soja a kudu maso gabashin jihar Arizona. Can a bakin hanyar Apache Pass, wadda ta burji ce, ake ajiye mota, a taka kusan kilomita biyu da rabi, a kuma dawo a ƙasa. A wannan tattakin darasin yake.

Ku fita da sanyin safiya. Wurin tudu ne, kusan mita 1,500, inuwa kaɗan ce, rana tana tsotse yaro tun bai ce yana jin ƙishi ba. Kowa ya riƙe aƙalla lita ɗaya ta ruwa, da hula, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da macizai. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa, in kun ga hadari da yamma ku juya, don busasshen rafi yakan cika nan take.

Kuskuren iyaye da yawa shi ne gaggawar isa kangon barikin. Don Allah ku dakata a marmaron Apache Spring. Ɗan ruwa ne yana tsiyaya a ƙarƙashin itatuwa, amma a kansa aka yi artabu tsakanin sojojin Amurka da Apache a Yulin 1862, kuma don tsare shi sojoji suka kafa sansanin a shekarar. Yaron da ya iso da busasshen maƙoshi zai gane abin da 'yan Chiricahua, reshen Apache da ke zaune a yankin, suka rasa.

Ku gaya musu yadda wutar ta kama a 1861. Laftanar George Bascom na sojojin Amurka ya gayyaci Cochise, shugaban Chiricahua, tantinsa, ya zarge shi da sace wani yaro da wasu 'yan Apache daban suka ɗauke, ya nemi tsare shi. Cochise ya keta tantin da wuƙa ya tsere, aka rataye 'yan'uwansa. Fiye da shekara goma ba a ajiye makami ba.

Bangayen da suka rage na tubalin laka ne, tun 1894 aka watse daga wurin, kada yara su hau su. Tsinto harsashi ko fasasshiyar kwalba a tafi da su laifi ne.

A maƙabartar da ke kan hanya akwai kabarin Little Robe, ɗan Geronimo, jagoran mayaƙan Apache, wanda ya rasu yana ƙaramin yaro. Nan ku rage murya. Geronimo ya miƙa wuya a Satumban 1886, aka kawo shi barikin nan, daga nan aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Florida, bai sake ganin Arizona ba.