Taro daban, jama'a daban

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Duk wanda yake Garwa ta ƙasar Kamaru a watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, ya ga abin da ake kira cincirindo. Ranar da Najeriya ta kara da Masar a filin Rumde Ajiya, ba masaka tsinke. Amma ana tashi daga wasa kowa ya kama gabansa, wanda ya zauna kusa da kai kusan awa biyu ko sunanka bai tambaya ba. Wannan taro ne. Na kasuwa taro ne, na tashar mota taro ne.

Hausa ba ta rasa sunan mutane idan sun yi yawa ba: taro, gungu, dandazo, ayari. Sai dai ku lura, da aka zo kan sallah iyayenmu ba su ce sallar gungu ko sallar dandazo ba. Jam'i suka ce, jama'a suka ce, Juma'a suka ce. Ukun nan tushensu ɗaya a Larabci, ma'anarsa tattara abin da ya warwatse a mai da shi abu guda. Yawa ba ya cikin sharaɗi: liman da mamu ɗaya tak jam'i ne, suna da falalar da Annabi (SAW) ya faɗa a hadisin Ibn Umar, cewa sallar jam'i ta fi ta mutum shi kaɗai da daraja 27. Juma'a kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, mutum 12 ban da liman sun isa a tsai da ita, matuƙar sun tsaya tun daga huɗuba har sallama. Dubban 'yan kallo ba su kai mutum 12 ɗin nan ba, don su alƙiblarsu ɗaya, limaminsu ɗaya, niyyarsu ɗaya.

Ga abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan. Shekaranjiya a sallar la'asar, a wani ƙaramin masallaci nan unguwar Hausare, an tayar da iƙama, liman ya juyo ya ce a daidaita sahu. Dattawa biyu, maƙwabtan juna, katanga ɗaya ta raba gidajensu, suka tsinci kansu kafaɗa da kafaɗa. Ɗayan ya matsa. Ya bar giɓin da yaro zai iya wucewa ta ciki, aka yi raka'a huɗu a haka. Da aka yi sallama, wanda ke hagu ya juya fuskarsa dama ya ce assalamu alaikum, saitin mutumin da ya yi wata da watanni bai gaisa da shi ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Bakinsa ya yi sallama, zuciyarsa ba ta yi ba.

Allah Ya siffanta wasu mutane a Suratul Hashri, aya ta 14: kana zaton a haɗe suke, alhali zukatansu a rarrabe. Ba muminai ake nufi da ayar ba, shi ya sa ma ya kamata gabanmu ya faɗi idan siffar ta fara kama da mu. Nu'umanu ɗan Bashir ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi: ko dai a daidaita sahu, ko Allah Ya jefa saɓani tsakaninmu. Ashe giɓin ƙafa da giɓin zuciya abokan tafiya ne, kowanne yana jawo ɗan uwansa. Kuma Muslim ya ruwaito cewa duk Litinin da Alhamis ana gafarta wa bawan da bai yi shirka ba, ban da mutum biyun da ke gaba da juna; sai a ce a jinkirta musu har su shirya. Baba, Alhamis nawa ta wuce ka?

Ba gabar maƙwabtaka kaɗai ba. Wani ba ya tsayawa kusa da mai sakin hannu, wani ba ya tsayawa kusa da mai kama ƙirji. Wani yana tsallake masallatai uku a kan babur don kada ya bi limamin da ba na ɓangarensa ba. A garin da Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da Shuwa suka daɗe suna shimfiɗa tabarma ɗaya, huɗuba da Fulatanci, gaisuwar bakin ƙofa da Hausa, yau mu ne za mu mai da masallaci taron tsintsiya ba shara?

Ni dai jiya bayan isha'i na je gidan ɗaya daga cikin dattawan nan, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ɗanku ne, ban isa in yi muku wa'azi ba, roƙo na zo yi." Ya daɗe yana jan carbi bai ce uffan ba. Daga baya ya ce in je in ji ta bakin wancan tukuna. Yau bayan magariba zan je, in sha Allahu. Ku taya mu da addu'a.