Tsoron allura ne ya hana su zuwa, ku daina cewa jahilci

Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ta sake zagayowa, an buga riguna da huluna, an yi tattaki, an hau mumbari an maimaita mana karatun bara: wai jahilci da camfi ne suka hana mutanenmu kai masu taɓin hankali asibiti. Wannan magana ta ishe ni. Mai faɗarta ya huta, ya ɗora laifi a kan mara lafiya da danginsa, ya koma ofis sai baɗi.

A Zamfara ba sai an tara mutane an gaya musu hankali na iya taɓuwa ba. Matar da aka karɓo daga daji bayan an sayar da gona an biya kuɗin fansa, ba ta runtsawa da dare, da ta ji ƙarar babur sai ta faɗa ɗaka tana kyarma, mijinta ya san ba lafiya. Abin da ya tsayar da shi shi ne abin da ya gani da idonsa: wani matashi a unguwa da aka kai asibiti ya dawo wuya a sanƙare, hannu na rawa, miyau na dalala, yana jan ƙafa. Mata suka ce, "Allura ta kashe mai jiki." Wanda ya ga haka sannan ya zaɓi ruƙiya da rubutu, lissafi ya yi.

Kuma abin da ya gani gaskiya ne. Tsofaffin magunguna irin su Largactil da haloperidol kan jawo wannan sanƙarewa, musamman in an cika hannu. Sai dai abu ne mai gyaruwa: likita ya rage yawan maganin, ko ya haɗa da Artane, ko ya sauya zuwa irin su risperidone. Mai firgita ko ciwon damuwa ma galibi ba wannan allura yake buƙata ba, sai zama da mai saurarensa, wani lokaci da ƙwaya wadda kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinta. Wa ke faɗa wa dangi wannan? A rubuta takarda da rubutun da ba ya karantuwa, a ce a je kemis. Kwana biyar ba sauyi, ko jiki ya ɗaure, sai a watsar da magani, ciwo ya dawo, gari ya ɗauka cewa asibiti ba ya maganin iska.

Ga kuma mari. Kowa ya tuna Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. A shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali a Najeriya har a wasu asibitocin gwamnati. Dokar da muka yi aiki da ita tun 1958 ta tsare mahaukaci ce, sai a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa, mai ba mara lafiya 'yancin a yi masa bayani a kuma nemi yardarsa. Je ka kasuwar Tsafe ko Kaura Namoda ka nemo wanda ya taɓa jin labarinta.

Sunan Kware ta jihar Sakkwato kaɗai ya isa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can yana aikinsa, amma a bakin mutane ya zama abin tsoratar da yaro. Daga Gusau tafiyar sama da kilomita 200 ce, a kan hanyar da kowa ya san halinta, kuma ranar da aka ji an taɓa kai wani ɗan gida can, masu neman auren ƙannensa mata sun fara ja da baya ke nan.

Masu cewa a gina katafaren asibitin mahaukata a kowace jiha, ƙarin wani suna na tsoratarwa kawai suke nema, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba. Masu cewa a hana malamai tofi kuwa su fara tambayar kansu dalilin da ya sa zauren malam ke cika: yana zama, yana sauraro, ba ya buɗe wa kowa kati.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP na koya wa nas da ma'aikacin shan magani duba irin waɗannan larurori. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta ɗauki kuɗin riguna ta horar da su a Anka, Zurmi, Shinkafi da Talata Mafara. Mai damuwa ya bi layi ɗaya da mai hawan jini, ba wata ƙofa ta daban. Kuma kada a miƙa wa kowa ƙwaya sai an zaunar da wanda ya rako shi an ce masa: in ka ga wuyansa ya sanƙare, dawo da shi gobe, za mu gyara.