Jan Kati Ya Kusa Kashe Min Aure

Shekara 11 ina tuƙi a Jidda, kuma duk wanda ya taɓa shiga motata ya san bakina ba ya ciwo. Daga Bab Makka zuwa filin jirgi sai in ba fasinja tarihin gidanmu kaf, tun daga kakanmu da ya taso daga Kano a ƙasa, ya tsaya noman auduga a Jazira ta Sudan, kafin ya tsallako ta Sawakin. Shi ya sa da yayan matata ya ce in zo ƙungiyarsu ta koyon magana a gaban jama'a, dariya na yi. Ni za a koya wa magana? A koya wa agwagwa iyo mana.

Daren Alhamis suke haɗuwa bayan isha'i, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, da suke karɓa haya. Mutum ashirin ne ko kusa: direbobi, teloli, ɗalibai, da wani dattijo mai sayar da turare. Tsarin Toastmasters suka ara, ƙungiyar nan da aka kafa a Amurka a 1924. Shugabancin zama zagayawa yake yi, yau tela, mako mai zuwa ɗalibi, kuma kowa da aikinsa. Akwai mai lokaci da katunansa uku. Akwai mai gyara. Akwai kuma wani yaro, ban ga laifinsa ba sai daga baya, wanda aikinsa kawai ƙirga kalmomin cike gurbi, kowace ɗaya riyal guda a asusun shayi.

Jawabin farko na gabatar da kai ne, minti huɗu zuwa shida. A minti huɗu a ɗaga kore, a biyar rawaya, a shida ja. An yi min wannan bayanin, amma lokacin hankalina yana kan farantin dabino.

Da aka kira ni na miƙe da tobe mai guga, na juyo, sai ga idanu arba'in a kaina. Nan na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba: ashe duk shekarun nan ƙeya nake ba masu saurarona. A mota ba wanda yake kallon fuskata. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Na kama abin da na iya. Na yi salati, na gaida shugaba, na gaida dattijo mai turare, na tambaye shi ƙafa. Tunda na gaida shi kuwa ai ba zan tsallake na kusa da shi ba, ba tarbiyya ba ce. Ya gajiya, ya iyali, ya zafi, ya aka ji da kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa baƙo a ƙasar nan. Su ma, Allah Ya saka musu, suna amsawa. Ina kan mutum na goma sha huɗu aka ɗaga kore.

To ni direba ne. Kore a wurina hanya ce ta buɗe. Na gyara tsayuwa na ƙarasa gaisuwata a natse. Sai ga rawaya, kuma duk direban Jidda ya san abin da ƙafa take yi idan ta ga rawaya a ishara, wato danja. Na taka wuta. Haihuwata, makarantar allo, igama (takardar izinin zama), motar farko, duk na wuce su cikin numfashi biyu, na iso kan iyali. Na kalli Yaya don in faranta masa, na ɗaga murya na ce, “Uwargidana kuwa, jama'a, wallahi ba ta da...”

Ja.

Tarar ƙetare jar danja a ƙasar nan daga riyal 3,000 take farawa, kuma kyamara ba ta san magiya ba. Jikina bai yi shawara da ni ba, ya taka birki. Na rufe baki, na koma na zauna. Kalmar “tamka” tana nan a maƙogwarona. Sai bayan an tashi mai lokaci yake gaya min ai bayan ja akwai sauran daƙiƙa 30 na ƙarasawa.

Mai gyara, da yake doka ce a fara da yabo, ya yi dogon tunani ya ce muryata tana fita, kuma ba wanda zai ce ban gaishe shi ba. Yaron nan ya karanto nasa: “ya'ani” 23, “ka gane” 11. Riyal 34, kuɗin kabsa da rabin kaza har da canji.

Wajen shayi aka shiga cike min gurbi. Wani ya ce haƙuri, wani ya ce girki. Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi ya ce, “Ba ta da me?” Na ce, “Yaya, tamka.” Ya ce, “Yanzu ka samo ta ko?”

Ashe wani ɗalibi ya ɗauki bidiyo, don wai mai jawabi ya ga kurakuransa. Kafin in yi fakin a ƙofar gida ya riga ni shiga, ta zauren dangi na WhatsApp.

Na tarar da ita zaune a falo, waya a hannu, abincina a rufe can nesa da inda nake zama.

“Sannu da zuwa, Malam. An ce ba ni da wani abu.”

“Hajiya, ya'ani, ka gane... kin gane, ya'ani jan kati ne...”

“Minti biyu gare ka,” in ji ta, ta kunna agogon waya. “Kuma Yaya ya ce kowace ya'ani riyal ce. Ka ci biyu.”

A riyal tara aka buɗe min abinci.