Akuya Ba Ta Sama Take Shiga Lambu Ba

Masu ɗan lambu a bayan gida, daga Rigasa har Kabala a Kaduna, da yawansu suna ɗauka tsawon shinge shi ne maganin dabba. Da an cinye musu alayyahu sai su ƙara wa darni tsawo, gobe kuma su tarar an tsige zogalen tas.

Batun tsawo gaskiya ne a Amurka, inda irin barewarsu ke tsallake shinge, har ake ba da shawarar a kai shi ƙafa 8. Tamu akuyar kuwa ƙasa take bi. Za ta jingina da danga tana susa har kara ya saki, ta zura kai, sai ga jiki ya bi. Ita ma gara tana taya ta, don damina ɗaya ta isa ta cinye gindin dirka.

Ragar waya mai ƙafa 4 ta wadatar, muddin an ja ta ta yi tsam, an danne bakinta da ƙasa, ramukanta kuma ba sa ɗaukar kan ɗan akuya. In da hali a jera cin-da-zugu ta waje, awaki ba sa cin ganyensa. A kuma kawar da turmi ko bulo daga jikin shingen, don a nan akuya ke samun matakala.