Ku riƙa kallon ƙafafunsu

Jiya da dare a wani gidan abinci, wani bawan Allah da ke teburin kusa da ni ya rufe yarinyar da ta kawo masa abinci da faɗa, wai ya yi minti 20 yana jira. Sau uku tana ce masa, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ni kuwa ƙafafunta nake kallo. Tana tsaye tana ɗage wannan ta sauke waccan, irin tsayuwar wanda rabonsa da zama tun safe. Na gane tsayuwar nan domin na taɓa yin ta.

Ina ɗalibi na yi wata biyu ina wanke-wanke a kicin ɗin wani gidan abinci. Da raini na shiga, ba zan ɓoye muku ba, ina ganin wanke faranti ai ko yaro ya yi. Kwana uku kacal jikina ya gaya mini. Fatar yatsuna ta yamutse ta yi fari saboda ruwa da sabulu, bayana ya riƙe, in na kwanta da dare sai in ji tafin ƙafata na zugi kamar na taka garwashi. Wani dattijon kuku, Baba muke ce masa, shi ya miƙo mini kwali ya ce, "Yaro, shimfiɗa wannan ka tsaya a kai, siminti ba ya tausayin kowa." Shi ne kuma ya koya mini cewa wuƙar da ta dakushe ta fi yanka mai ita, domin sai ka danna da ƙarfi, ta zame ta sauka a yatsa. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Man suya yana kai wa digiri 180, ɗigo ɗaya ya ishe ka. Daga gaban wannan wuta kuma a aike ka ɗakin sanyi ɗauko nama, inda ake ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili, kana jiƙe sharkaf da gumi.

Amma ni abin da ya fi ba ni mamaki a aikin nan shi ne riƙe hankali bayan jiki ya gama gajiya. Ɗaukar buhu kowa mai ƙarfi zai iya. A awa ta goma kana tsaye, ido ya yi nauyi, oda tana ta shigowa, kuma dole ka tuna cewa katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai ba a yanka ganye a kai, dole ka sake wanke hannu karo na ba adadi, dole ka duba ko dafaffen abincin nan ya daɗe a waje, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ba wanda ke tsaye a kanka, in ka yi ha'inci mai ci ba zai sani ba sai cikinsa ya murɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma su rasu. Duk ranar da ka ci a waje ka kwana lafiya, akwai wani gajiyayye a bayan ƙofa da ya riƙe maka amana.

Ga ma'aikatan gidan burodi da ke kwana a gaban tanda suna shaƙar ƙurar fulawa har wasu su kamu da asma. Ga na masana'antu da ke maimaita motsin hannu guda ɗaya tun shigarsu har tashi.

Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu, ita ce ma yarjejeniyarta ta farko. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, amma je ka tambayi mai aikin kicin yaushe rabon da ya tashi a awa takwas. Ranar da kowa ke hutu da iyalinsa, ranar ce aikinsu ke ninkawa. A 2020 da annobar korona ta kulle duniya a ɗaki, sai aka tuna da su, aka ce su ne ma'aikatan da ba a iya yi sai da su. A Amurka masana'antun sarrafa nama suna cikin wuraren da cutar ta fi yaɗuwa, saboda mutane kafaɗa da kafaɗa suke aiki. Da annoba ta lafa, yabon ma ya bi ta.

Kada wani ya ce na hana ƙorafi. In abinci ya lalace ka faɗa, haƙƙinka ne, kuɗinka ka biya. Sai dai ka san wanda kake wa tsawa. Sau da yawa jinkirin nan daga mai wurin yake, wanda ya ɗauki mutum uku su yi aikin mutum shida, shi kuma ba ya nan balle ya ji zagin.

Da zan fita na hango yarinyar ta ƙofar baya, ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta cire takalmi ɗaya tana matsa diddigenta. Ko minti ɗaya ba ta yi ba aka ƙwala mata kira daga ciki. Ta mayar da takalmin, ta gyara fuska, ta ce, "Ga ni nan zuwa."