Wa ya ba kawu ikon yafe haƙƙin maraya?

A gida Najeriya, idan mota ta kashe mutum, kusan kowa ya san yadda maganar za ta ƙare. Mai motar zai zo gaisuwa da 'yan rakiya, a yi addu'a, sai wani dattijo daga dangin mamacin ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ai ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Mun yafe." A je wurin 'yan sanda a janye magana, a sallami direba. Matar mamacin tana ɗaki tana takaba da yara huɗu ko biyar, ba wanda ya tambaye ta. Tun da na zauna a Ingila na ga yadda suke bi da irin wannan lamari, wannan "mun yafe" ɗin ta daina burge ni.

A nan, dokar hanya ta 1988 ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni. Wanda aka kama yana tuƙi babu ita zai biya tarar fam 300, a rubuta masa makin laifi 6 a lasisi, 'yan sanda kuma na iya ɗauke motar nan take. Saboda haka wanda aka kaɗe ba ya bin direba bashi, kamfani yake bi. Ba ya jin nauyin cewa zai talauta maƙwabcinsa, ba mai ce masa mara imani. Yana da shekara 3 ya shigar da ƙara. Ko direban ya gudu ba a gane shi ba, ko ba shi da inshora, akwai hukumar MIB da kamfanonin inshora suka kafa tun 1946, ita ke biya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke da haƙƙin yaro. Idan ƙaramin yaro ne ya ji rauni, ko ubansa ba ya da ikon sasantawa da kamfani shi kaɗai. Sai alƙali ya duba kuɗin ya amince sun dace, sannan yawanci kotu ta riƙe su har yaron ya cika shekara 18. In ba wanda ya nema masa, shekara ukun nan ba sa fara ƙirguwa sai ya kai 18 ɗin.

To mu fa da muke da diyya tun kafin a ƙera mota? Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar kisan kuskure ƙarara: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yi sadaka da ita, ga kuma kaffara a kan wanda ya yi kisan. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa diyyar dukiya ce ta magada, ana raba ta kamar gado. Baligi na iya yafe rabonsa, ladansa na wurin Allah. Amma rabon maraya fa? Kawun da ke yafewa a zaure sau da yawa ba shi da ko sisi a cikin gadon, kuma ba shi zai biya kuɗin makaranta ba. Kyauta yake yi da dukiyar da ba tasa ba, a yaba masa, a bar marayu da wahala. Ga wani abin da ake mantawa: shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure a kan mutum ɗaya ba, dangi ne ke haɗuwa su biya. Wato tunanin a taru a ɗauke wa wanda tsautsayi ya faɗa wa nauyi ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kuma ba dokar ce babu ba. Najeriya na da dokar inshorar dole ta motoci tun 1945. A farkon 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da ake biya kan ɓarnar dukiya ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Amma direbobi da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda a shingen hanya. Wasu ma ta bogi suke saya a bakin ofishin lasisi, alhali ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a san gaskiya. Mai ƙyamar inshora saboda addini kuwa, ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da ke aiki a ƙasar. Kuɗi ne aka riga aka biya domin irin wannan rana, sai a yafe wa kamfani su ana zaton direba aka tausaya wa.

Batun laifin tuƙi ma haka. A Ingila riƙe waya kana tuƙi maki 6 ne da fam 200 tun 2017. Maki 12 cikin shekara 3, a hana ka tuƙi, yawanci wata 6. Sabon direba kuwa maki 6 kacal cikin shekara biyun farko sun isa a soke lasisinsa. Daga 2022, wanda ya kashe mutum da tuƙin ganganci na iya samun ɗaurin rai da rai, kuma yafewar dangi ba ta tsayar da shari'ar, don hukuma ce ke ƙara. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da tsarin maki a rubuce, amma wane direban haya ne ke kwana da tsoron maki? A wurinmu an cakuɗa wanda taya ta fashe masa da wanda ya sha ƙwaya ya cika mota ya take wuta, duk an kira su ƙaddara.

Ba wai Ingilar aljanna ba ce. Neman diyya ya zama sana'a: a bugo maka waya ana tambayar ko ka yi hatsari kwanan nan, wasu su taka birki da gangan don a buge su ta baya su ce wuya ya ƙage. Abin ya yi yawa har gwamnati ta ƙayyade kuɗin irin wannan ciwon wuya a watan Mayun 2021, ta mayar da ƙananan buƙatu kan intanet. Kuma za ka yi wata a kwance wanda ya kaɗe ka bai leƙo ba, sai wasiƙun lauya. Zuwa dubiya da gaisuwar da muke yi abu ne mai kyau, ba na so mu rasa shi.

Abin da nake so a canza kaɗan ne. Kafin wani ya buɗe baki ya yafe, a tambayi lambar inshorar motar, a karɓi rahoton 'yan sanda da takardun asibiti, a kira matar da magada baligai kowa ya faɗi ra'ayinsa kan rabonsa. Rabon yara kuma a kai shi gaban alƙali.